Littafin hoto kan ƙwai da ɗan tsako don 'yan aji ɗaya da biyu: ta ina ake farawa?

Malamar Aji Biyu:

Assalamu alaikum. Ina son haɗa ƙaramin littafi mai hotuna da Hausa don 'yan aji ɗaya da biyu na firamare, kan yadda ƙwai ke zama ɗan tsako. Ba tatsuniya nake nufi ba, littafin da yaro zai koyi abu na gaskiya. Shafi nawa ya kamata ya yi, kalma nawa a kowane shafi, kuma me zan gaya wa mai zane da mai ɗab'i don kada aikin ya lalace?

Mai Gyaran Rubutu:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki nemi mai zane, ki ɗauki farar takarda A4 guda 6, ki ninke su biyu a haɗe. Kin sami littafin gwaji mai shafi 24. Shafi na 1 na suna ne, na 2 na bayanin mawallafi da lambar ISBN (lambar shaidar littafi), wadda Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa a Najeriya. Ki ware 22 da 23 don tambayoyi da sababbin kalmomi. Abin da ya rage ki raba da fensir, kowace buɗa (shafi biyu masu kallon juna) magana ɗaya tak: kaza ta yi ƙwai, kaza ta kwanta, kaza tana juya ƙwai, har zuwa ƙyanƙyasa. Idan magana biyu suka cunkushe a buɗa ɗaya, yaron da ke fama da haɗa baƙi zai manta ta farko kafin ya kai ta biyu.

Ga ɗan aji ɗaya, jimla ɗaya mai kalma 4 zuwa 7 ta isa shafi. Ɗan aji biyu zai iya ɗaukar jimla biyu ko uku. Amma ki fi duba gaɓoɓi fiye da yawan kalmomi. "Kaza" da "zakara" suna tafiya sumul, baƙi da wasali, baƙi da wasali. "Ƙyanƙyashe" kuwa tana da ƙy har sau biyu ga kuma sh. Kada ki guje mata, domin ita ce kalmar da littafin ya zo koyarwa. Ki shigo da ita a jimlar da sauran kalmominta duk masu sauƙi ne, sannan ki maimaita ta a shafi biyu ko uku na gaba. Sabuwar kalma mai nauyi kada ta wuce ɗaya a buɗa.

Kuma kada kazar ta yi magana, kada a ɗaura mata kallabi. Da zarar ta ce "'ya'yana ku zo", yaro ya koma duniyar Gizo da Ƙoƙi, ba zai ƙara bambance abin da ke gaskiya a littafin ba.

Baban Zabi:

Malama, abin da zan ƙara shi ne ki tantance bayanan kafin a zana komai, domin ɗan ƙauye ya san kaza fiye da yawancin masu zane, zai kuma kama kuskure nan take.

Kaza tana kwanci kwana 21. Zabuwa kwana 26 zuwa 28 ne, agwagwar gida mai jan fuska kusan 35, don haka kada a rubuta cewa "ƙwai yana ƙyanƙyashewa a kwana 21" kamar duk tsuntsaye ɗaya ne. Ki ce ƙwan kaza. Ƙwan da ke ƙyanƙyashewa na kazar da ke tare da zakara ne. Na kiret da ake kawowa daga gidan gona ba ya yin tsako, kuma sai wani yaro ya tambaya, ki tanadi shafi ɗaya don wannan. A gurbin a zana ƙwai 10 zuwa 12, adadin da kazar gida ke iya rufewa, kuma adadin ya tsaya haka daga shafi zuwa shafi, saboda yara suna ƙirgawa. Zai yi kyau ɗaya ya zama bara-gurbi, haka abin yake a zahiri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zana ɗan tsako yana fitowa daga ɓawo a bushe, gashinsa luf-luf. A jiƙe yake fitowa, a gajiye, sai bayan 'yan sa'o'i yake bushewa ya miƙe. Shi da kansa yake fasa ɓawon daga ciki da wani ɗan tsini a saman bakinsa, wanda ke faɗuwa bayan 'yan kwanaki. Ki kuma ce wa mai zane ya zana kazar Hausa da akurki da kasko na ruwa, 'yan tsakin launi-launi, shirwa tana shawagi a sama. Idan ya kwafo daga intanet, jan gidan kaji na katako irin na Amurka zai kawo miki.

Mai Ɗab'i:

Shafi 24 ya yi daidai, domin littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya dole adadin shafukansa ya rabu da 4: 16, 20, 24, 32. Ɗinkin wayar ya fi gam ga littafi siriri, gam yana saki da zafin bazara shafuka su zube. Babban hoton da zai cika buɗa ki sa shi a shafi na 12 da 13, nan ne kaɗai ɓangarorin biyu ke kan takarda ɗaya, ba za a ga hoton ya goce a tsakiya ba.

Hotuna su zo da 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci, don kada su fito dishi-dishi), launi a tsarin CMYK, wato tsarin launin injin ɗab'i, in ba haka ba shuɗi da kore masu haske a kwamfuta za su fito a dushe. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla santimita 1. Takardar ciki giram 80 (ma'aunin nauyin takarda) tana nuna hoton baya. Ki nemi 120 zuwa 150, marar ƙyalli, don hasken taga ba ya dukan ido. Bango giram 250 ko 300, a rufe shi da leda.

Inda aka fi yin asara shi ne haruffa masu ƙugiya. Nau'in rubutu da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai su fito akwati-akwati ko a maye su da b, d, k, ƙura ta koma kura. Ki yi amfani da nau'in rubutun da ake kira Andika, kyauta ne, an yi shi don masu koyon karatu, "a" ɗinsa irin wadda yaro ke rubutawa a allo ce. Girman haruffa a kwamfuta 24 zuwa 28 ga aji ɗaya, 18 zuwa 20 ga aji biyu, baƙin rubutu a kan farin fili, kada a ɗora shi kan zane. Ki miƙa aikin a PDF da haruffan a ciki. Idan littafin zai tsallaka Maraɗi ko Damagaram, ki tuna a Nijar ƴ ake rubutawa inda mu muke rubuta 'y.

Malamar Aji Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hoton kamara ya fi ko zanen hannu?

Mai Gyaran Rubutu:

Ki haɗa su idan hali ya yi: kamara ga kaza da gurbi, zane ga cikin ƙwai a kwana na 5, na 12 da na 20, inda kamara ba ta shiga. Amma kada a sauya launin kazar tsakanin shafuka, yara za su ɗauka wata ce daban. Kafin a buga da yawa, ki fitar da kwafi 5 a firinta, ki ba yara biyar masu bambancin ƙarfi su karanta a bayyane ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da uku daga cikinsu suka yi tuntuɓe a kai, a sauya ta ko a rage jimlar. Sannan ki rufe rubutun da hannu ki tambaye su abin da ke faruwa a hoton. Shafin da suka kasa faɗa, shi za a mayar wa mai zane.