Yaya ake gane wurin jinya mai kulawa ta gaskiya ga mai shanyewar ɓarin jiki?

Ɗan Rafindaɗi:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, mai shekara 71, ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama mako 3 da suka wuce. Za a sallame shi da robar fitsari, abinci kuma ta robar hanci. Akwai wurare biyu masu zaman kansu a cikin Katsina da ke kwantar da irinsu, ana jinya ana gashi. Duka biyun tsaf suke ranar da aka zagaya da mu, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Me za mu duba mu gane wanda kulawarsa ba ta ganin ido ba ce?

Nas ta ɗakin maza:
Wa alaikumus salam, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Malam, fenti da tayil ba sa jinya. Ka koma ba sanarwa: bayan Isha'i, ranar Lahadi, da lokacin sallar Juma'a. Ka ƙirga gadaje, ka ƙirga masu duti, ka tambayi nawa ne a cikinsu ke da lasisin hukumar nas da ungozoma ta ƙasa. Ba duk mai fararen kaya ne nas ba.

Sai ka ce a nuna maka takardar juya majinyaci. Wanda ba ya iya motsawa da kansa ana juya shi duk bayan awa 2, wato sa hannu 12 a kwana guda. In ka ga rubutu ɗaya da biro ɗaya tun safe har asuba, a zama ɗaya aka cike ta. Gyambon kwanciya yana farawa a dunduniya, ƙashin gindin baya, gefen kwankwaso, allon kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Wurin yakan ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. Wurin da ya san aikinsa yana duba fata kullum, yana sa filo ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa, kuma ba ya murza inda ya fara canza launi. In suna alfahari da katifar iska, tambaye su me ke riƙe ta in an ɗauke wuta da dare, don in ta sace gara katifar soso. Ledar da ake shimfiɗawa kuma lallai a ɗora mata zanin gado, musamman a zafin Afrilu, gumi ma yana cin fata.

Ka tsaya ka ga yadda ake ba wani abinci ta roba. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, a tabbatar robar ba ta zame ba, a tace kunun, a wanke robar da ruwa kamar mililita 30 kafin da bayan abinci, a bar shi a kishingiɗe aƙalla minti 30. Wanda aka ɗura wa abinci yana kwance flat, abincin na iya komawa huhu, daga nan sai nimoniya. Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mararsa amma kada ta taɓa ƙasa, da ranar da aka sa robar a rubuce.

Mai gashin ƙashi, Daura:
Hajiya nas ta gama da fata da robobi. Nawa shi ne: kada ka yarda da "muna gashi kullum". Minti nawa, kwana nawa a mako, wa ke yi? Sauƙi ya fi sauri a wata 3 na farko, ya ci gaba a hankali zuwa wata 6 da bayansa, don haka duk makon da ya wuce a kwance an yi asararsa. Ƙa'idar Ingila ta 2023 ta ce awa 3 a rana, kwana 5 a mako, ga wanda jikinsa zai ɗauka. A nan in ka samu minti 45 kwana 5, aka kuma koya wa mai jinya abin da zai maimaita da yamma, ka samu.

Haska fitila mai zafi da shafa mai ba su ne aikin ba, duk da su mutane suka fi so. Aikin shi ne juyawa, zama a bakin gado, tashi tsaye, ɗaukar kofi, a maimaita. Kuma a auna: ƙarfin hannu da ƙafa daga 0 zuwa 5, da ma'aunin Barthel mai abubuwa 10 kamar cin abinci, wanka da shiga bayi. A rubuta ranar shiga, a sake bayan mako 2. Wurin da ba ya aunawa, "da sauƙi" kawai za ka riƙa ji.

Ka lura da yadda suke ɗaga mutum. Wanda ya finciko shi ta hannun da ya shanye zai zamar masa da kafaɗa, ciwon na iya ɗaukar watanni. Mai gashin ya nuna lasisin MRTB, wato hukumar da ke kula da masu gashin ƙashi ta ƙasa, kuma ya zama mutum ɗaya ne ke bin Baba, ba yau wannan gobe wancan ba.

Likita, Ƙofar Ƙaura:
Na yarda da su, sai dai takarda ma ana iya gyara ta. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne daɗewar ma'aikata. Tambayi nas ɗin dare wata nawa ta yi a wurin. Inda ake canza mutane duk wata biyu, bayanin majinyaci yana zubewa a wajen miƙa duti.

Tambayi kwana nawa likita ke zuwa a mako, da wanda ake kira ƙarfe 2 na dare. A auna hawan jini aƙalla safe da yamma. Daga baya ana neman ya zauna ƙasa da 130/80, ba tare da an faɗo da shi lokaci guda ba. In baki ya sake karkacewa, ko magana ta rikice, ko zazzaɓi da sarƙewar numfashi, a ce akwai mota da za ta kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya nan take, ba a ce sai gari ya waye ba. Kuɗi kuma a rubuce: pampas, safar hannu, bandeji, gashi, wanne ke cikin kuɗin gado?

Ko ina kuka zaɓa, ku tsayar da masu jinya biyu daga gida, kada ku yi karɓa-karɓa da dangi duka.

Ɗan Rafindaɗi:
Allah ya saka da alheri. Masu dubiya suna kawo zamzam da ruwan addu'a, a ba shi?

Nas ta ɗakin maza:
Ba ta baki ba, Malam, ko cokali ɗaya, sai an gwada haɗiyarsa an ce ta dawo. Wasu ruwan na wucewa huhu ko tari ba sa yi. A ba nas ta zuba ta roba ta rubuta adadin, ko a shafa masa. Bakin kuma a goge shi sau 2 a rana ko da ba ya ci ta nan.