Mai rage cin sitaci zai iya karyawa da konfleks?

Maman Ilham, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Wata biyu kenan na bar tuwo da shinkafa saboda teɓa, burodi ma na ajiye, amma da safe konfleks nake sha ko Golden Morn don su ne masu sauri, kun san dai Legas in ba ka fita ƙarfe shida ba gosilo zai riƙe ka kafin ka kai Ikeja. To wallahi sikeli ya ƙi motsi, kuma kafin ƙarfe goma yunwa ta fara cina har hannuna na rawa. A jikin kwalin kuwa an rubuta akwai bitamin da ayon, wato sinadarin ƙarfe, shin ba abincin masu rage ƙiba ba ne?

Ɗan Idi-Araba:
Wa alaikumussalam Hajiya, ai gudu kika yi ba ki tsira ba. Konfleks fa masara ce, tuwon da kika bari ne aka busar aka zuba a kwali, Golden Morn ma masara ce da waken soya. Ki juya bayan kwalin ki duba, a giram 100 na konfleks wajen giram 84 sitaci ne da siga. Su masu kamfanin a lissafinsu mutum giram 30 zai zuba, to wa yake zuba giram 30? Ni na taɓa ɗora kwanona a ɗan sikelin da uwargida take awon fulawar cincin, abin da nake zubawa kullum ba tare da tunani ba ya kai giram 70, da na rage shi zuwa 30 ko gindin kwanon bai gama rufewa ba, dariya ma abin ya ba ni. Ga madara ita ma da nata sigan, ga ƙaramin cokali biyu na siga wani giram 8 kenan. Masu kito kuwa, wato masu bin tsarin rage sitaci sosai, giram 20 zuwa 50 na sitaci suke ci a yini guda cur, kin ga tun kafin ki hau danfo kin cinye kason ranar har da na gobe.

Anti Bilki, Obalende:
Ƙanwata maganar bitamin ɗin gaskiya ce, ana ƙara ayon da bitamin B a masana'anta, amma wannan ba ya rage sitacin ko kaɗan. Yunwar ƙarfe goman nan kuma saboda konfleks ba shi da dusa sosai ne kuma furotin ɗinsa kaɗan ne, nan da nan yake narkewa sigan jini ya hau ya sauko. Ot ɗin Quaker ya fi riƙe ciki, sai dai shi ma wajen giram 60 ne a 100, don haka a sha kaɗan. In kina shan maganin ciwon siga kar ki yanke sitaci kai tsaye sai kin ga likita, sigan na iya faɗuwa ƙasa sosai.

Baban Sadik, Mile 12:
Ni dai yarana na sha kuma ban ga laifinsa ba, yaro mai guje-guje ai ƙone shi yake. In kuma ƙwai za ku ce a riƙa ci kullum, kun tambayi kuɗin kiret kuwa?

Maman Ilham, Agege:
Kai jama'a, ashe wata biyu tuwo nake sha da madara. To ƙosai da alala fa Anti?

Anti Bilki, Obalende:
Wake ma yana da sitaci amma da furotin da dusa, zai kai ki azahar, ki dai bar kokon. Ni da dare nake dafa ƙwai biyu, kowanne sitacinsa bai kai giram 1 ba, in haɗa da rabin fiya da 'yar gyaɗa a roba, a cikin BRT nake ci.