Tsohon fansho mai rabon riba a Birtaniya: a mayar da shi wani kamfani ko a bar shi?

Dan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yayana da ke Ingila yana da fanshon da ya buɗe a 1986, irin mai rabon riba. Shekarunsa 62. Takardar bana ta nuna fam 60,000, amma garaɓasar shekara kusan babu. An ba shi shawara ya kwashe kuɗin zuwa sabon asusu. Me zai rasa?

Hajiya_Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam, kada ya sa hannu a komai sai ya tambayi kamfanin a rubuce ko fanshon yana da GAR, wato alkawarin farashin da za a mayar da kuɗin zuwa albashin wata-wata har mutuwa. Fanshon da aka sayar a shekarun 1970 da 1980 da yawa suna da shi, saboda lokacin kuɗin ruwa ya yi sama, kamfanoni suna ganin alkawarin kashi 9 zuwa 11 cikin ɗari ba zai taɓa cizon su ba.

Yi lissafi: idan alkawarin kashi 10 ne, fam 60,000 zai ba shi fam 6,000 duk shekara. Idan kasuwa na bayar da kashi 7, fam 4,200 ke nan. Ranar da ya kwashe kuɗin, alkawarin ya tafi, ba ya bin sa sabon asusu.

Sai dai a karanta ƙananan rubutun. Sau da yawa alkawarin yana aiki ne kawai a ranar da ya cika 60 ko 65, a kan ransa shi kaɗai, kuɗin ba ya ƙaruwa da tsadar rayuwa, wani ma a ƙarshen shekara ake biya. Idan yana so matarsa ta ci gaba da karɓa bayansa, wasu kamfanoni suna rage farashin, wasu kuma su ce babu alkawarin kwata-kwata.

Malam_Inshora: Hajiya ta faɗi babba. Garaɓasa kuwa iri biyu ce. Ta shekara, da zarar an ƙara ta, ta zauna, muddin an riƙe fanshon zuwa ranar ritayar da aka rubuta. Ta ƙarshe ba alkawari ba ce, kamfani na iya rage ta ko soke ta gobe, kuma a tsofaffin fansho tana iya zama kaso mai tsoka na adadin da ke takarda. Ya nemi a rarraba masa: nawa ne tabbatacce, nawa ne garaɓasar ƙarshe. Ƙaramar garaɓasar shekara ba lallai asusun ya lalace ba. Kamfanoni sun daina ƙara alkawarin da ba za su iya janyewa ba.

Ya kuma tambayi MVR, ragin da ake yi wa mai fita kafin lokaci idan kasuwa ta faɗi, don kada ya tafi da rabon waɗanda suka rage. Yawanci ba a cire shi a ranar ritaya, saura masa shekara uku idan 65 ce.

Binta_Leeds: Doka ma ba za ta bar shi ya yi gaggawa ba. Tun Afrilun 2015, idan fansho mai irin wannan alkawari ya haura fam 30,000, dole sai mai ba da shawara da FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ta amince da shi ya duba kafin a mayar. Kuma ka tuna kamfanin inshorar Birtaniya, Equitable Life: irin wannan alkawarin ne ya yi yunƙurin kauce wa ta hanyar rage garaɓasar ƙarshe ga masu GAR, kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya (House of Lords), ta hana shi a Yulin 2000, a Disamba ya daina karɓar sabbin abokan ciniki.

Dan_Fagge: Na gode ƙwarai. Idan ya karɓi kashi 25 na kuɗin a dunƙule, wanda ba a cire wa haraji, fa?

Hajiya_Lissafi: Yawanci alkawarin ya koma kan fam 45,000 da suka rage, wato fam 4,500 a shekara. Ya nemi su aiko masa da lissafin hanyoyin biyu a takarda ɗaya.