Taƙaitawar shawarwari kan renon tsirrai masu kaurin ganye

Ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan Echeveria, Kalanchoe da Crassula, masu ajiye ruwa a ganyensu.

1. Kowa ya yarda cewa yawan ban ruwa ya fi fari kashe su. A tura yatsa cikin ƙasar, idan da sauran danshi a dakata, domin da zarar saiwa ta ruɓe, ganyen da ke kusa da gindin shukar zai yi laushi ya koma rawaya, kuma da wuya a ceto shukar.

2. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi ta roba, a gauraya ƙasar da yashi mai kauri.

3. Wajen yaɗawa, wato samar da sabuwar shuka daga ganye, a cire ganye gaba ɗaya, a bar bakinsa ya bushe kwana 2 ko 3 a inuwa, sannan a ɗora shi kan ƙasa.

4. Ra'ayi ya rabu kan rana. Wasu sun ce a bar su a fili, amma waɗanda zafin Afrilu ya ƙona musu ganye sun zaɓi ranar safe kawai, kuma ni ma can na karkata.

5. Da damina a shigar da su ƙarƙashin rumfa. A kuma nesanta Kalanchoe da awaki, domin tana da guba.