Neman shawara: jifa biyu daga bayan layi da suka ɗaure mini kai

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamaina. Wannan ce kakata ta farko ina alƙalancin ƙwallon kwando, kuma a wasan da na busa a ƙarshen mako na yanke hukunci biyu da har yanzu zuciyata ba ta natsu da su ba. Na farko ya faru ne a farkon zango na uku. Kibiyar karɓa-karɓa, wadda ke nuna ƙungiyar da za ta jefo ƙwallo idan aka rasa mai ita ko a farkon zango, tana nuna ƙungiya mai farar riga, ɗan wasansu ya jefo ƙwallo daga bayan layi da ƙarfi, ba ta taɓa kowa ba, ta je ta maƙale tsakanin zoben kwando da allo. Na ce a sake jifan. Na biyu kuwa, mai jifa ya miƙo hannuwansa da ƙwallon har ta shigo saman fili, mai tsaronsa ya buge ta ba tare da ya taɓa shi ba, na bari wasa ya ci gaba, kocin mai jifan ya yi ta faɗa. Da dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke wasa. Ina roƙon a nuna mini inda na kuskure.

Wani tsohon alƙalin wasa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A na farkon ka yi kuskure, amma irin wanda kusan kowa ke yi, domin hankali yana gaya wa mutum cewa ƙwallon da ba ta taɓa kowa ba kamar ba a jefa ta ba ce. Sashe na 12 na littafin dokokin FIBA ya ambaci abubuwa uku da ke kawo ƙarshen jifan karɓa-karɓa: ƙwallo ta taɓa ɗan wasa a cikin fili, ko masu jifan su karya doka, ko ta maƙale tsakanin zobe da allo. Saboda haka da ta maƙale, masu farar riga sun cinye rabonsu, sai ma'aikacin tebur ya juya kibiya nan take. Maƙalewar kanta kuma sabon dalili ne na komawa ga kibiya, wadda a lokacin ta riga ta koma nuna abokan karawarsu. Su ya kamata ka miƙa wa ƙwallo a layin ƙarshe, ba daidai bayan allo ba, da cikakkun daƙiƙa 24 na agogon kai hari. Da jifan na yau da kullum ne, da sai ka dubi kibiya kawai ka bai wa wanda take nunawa.

Wani koci:
Malam, na yarda da wannan, amma a na biyun ina ganin ɗan'uwanmu ya yi daidai. Na taɓa karantawa cewa da zarar mai jifa ya tsallako da ƙwallo kan layi, ta halatta ga mai tsaro.

Tsohon alƙalin wasa:
Abin da ka karanta gaskiya ne, koci, sai dai daga littafin makarantun sakandare na Amurka ya fito, inda aka yarda mai tsaro ya buge ƙwallon ko ya kama ta idan an miƙo ta cikin fili. FIBA ba ta tafi a kan haka ba. A wurinta mai tsaro ba shi da ikon taɓa ƙwallo sai ta bar hannun mai jifa, don haka wanda ya buge ta ya yi katsalandan, ya kuma jinkirta wasa. Hukuncin shi ne a busa usur, a sake jifan, a gargaɗi ɗan wasan, a sanar da kocinsa cewa gargaɗin ya shafi dukan ƙungiyar har ƙarshen wasa, wanda ya maimaita kuma yana iya samun laifin tekinikal, wato laifin rashin ɗa'a a wasa. Yawancin gardamar da nake gani a bakin fili daga haɗa littattafai biyu take tasowa.

Wata alƙaliyar wasa:
Ina so in ƙara abu ɗaya, kada a haɗa wannan da dokar mintuna 2 na ƙarshen zango na huɗu da na ƙarin lokaci. A can alƙali yana yin alamar gargaɗi tun kafin ya miƙa ƙwallo, kuma mai tsaron da ya tsallaka layi da wani sashe na jikinsa don hana jifa, tekinikal ne kai tsaye.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To idan abu ya faru wanda ban tuna hukuncinsa ba, ba zan iya dogara da sashe na 46 ba, wanda ya bai wa shugaban alƙalai ikon yanke hukunci a kan abin da doka ba ta ambata ba?

Alƙaliyar wasa:
Wannan ikon na abin da doka ta yi shiru a kansa ne, ɗan'uwa, kuma duka al'amuranka biyu an yi maganarsu, ɗaya a littafin dokoki, ɗaya a littafin fassarar dokoki da FIBA ke fitarwa daban. Ka nemi bugu na baya-bayan nan ka karanta misalan sashe na 12 da na 17. A fili kuma, da ka busa saboda maƙalewar ƙwallo agogo a tsaye yake, don haka kana da damar kiran abokin aikinku ku dubi kibiya tare kafin ka miƙa wa kowa ƙwallo.