Neman kalma: "ark" na Annabi Nuhu, jirgi ne ko akwati?

Mai fassara, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. An ba ni wani rubutun Turanci in mayar da shi Hausa, kan inda "ark" na Annabi Nuhu alaihissalam ya tsaya bayan ruwan ɗufana, a faɗar Alƙur'ani da ta Baibul. Na rubuta "jirgin ya sauka a kan dutse". 'Yar autata ta leƙo ta karanta, ta ce, "Baba, ashe tun zamanin akwai jirgin sama?" Da na duba ƙamus kuma, sai na ga asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta akwati. To me za mu ce? Jirgi, akwati, ko mu ƙirƙiro wata?

Malamin Islamiyya, Daura: Wa alaikumussalam. Akwati dai a'a. Alƙur'ani ya kira shi "fulk" a Suratu Hud, ya kira shi "safina" a Ankabut aya ta 15, duka biyun jirgin ruwa ne. A Ƙamar aya ta 13 an siffanta shi da ma'abucin alluna da ƙusoshi. Kalmar akwati tana nan daban, ita ce "tabut", wanda aka sa Annabi Musa a ciki yana jariri, da wanda ya zo a Baƙara aya ta 248. Turawa ne suka haɗa su a kalma guda. Ba dolenmu ba ne mu gaji ƙarancin kalmarsu.

Ɗan Malumfashi: Allah ya gafarta Malam, mu ma a coci "jirgi" muke cewa, wancan na Baƙara kuma "akwatin alkawari". Sai dai mai tambaya bai yi nisa da gaskiya ba. A Ibrananci, kalmar da aka kira jirgin Nuhu da ita, "teba", ita ce aka kira kwandon da aka sa Musa a bakin Nilu. A Baibul, Farawa 6:14-16 ta ba da awonsa: tsawo kamu 300, faɗi 50, tsayi 30, hawa uku ne kuma, an shafe shi da kwalta ciki da waje. Ba a ambaci filafili ko abin tuƙi ba. Abu ne da aka yi don ya yi yawo a kan ruwa kawai.

Wata 'yar Ƙofar Ƙaura: To a ce "komin Nuhu" mana.

Malamin Islamiyya: Hajiya, komi na shayar da shanu a bakin rijiya? Wanda ya ɗauki biyu-biyu daga kowane jinsi, yana keta igiyar ruwa kamar duwatsu? A'a.

Mai fassara: Na bar akwati. Saura "sauka", da kuma shi dutsen, don rubutun ya nuna kamar littattafan biyu sun yi hannun riga: nan Judi, can Ararat.

Ɗan Malumfashi: A nan ne nake roƙon ka kula, ɗan'uwa. Farawa 8:4 ba ta ce dutse ɗaya ba, "duwatsun Ararat" ta ce, jam'i. Ararat kuwa sunan ƙasa ne, tsohuwar daular Urartu. Irmiya 51:27 ma mulki ta kira shi. Wannan dogon dutsen na gabashin Turkiyya mai tsayin mita 5,137 da ake nunawa a hotuna, daga baya aka laƙaba masa labarin. Tsohon Baibul na Suryananci "duwatsun Kardu" ya rubuta, yankin da dutsen Judi yake ke nan, kusa da garin Jizre a bakin kogin Dijla, dab da iyakar Turkiyya da Siriya da Iraƙi. Kiristocin wajen har gidan ibada suka gina a kansa. In ka rubuta "Dutsen Ararat" ka sa wa nassi abin da bai faɗa ba, ka kuma ƙara faɗin saɓanin da hannunka.

Malamin Islamiyya: Madalla da wannan. Namu kuwa tilo ne: Hud aya ta 44, "wastawat alal Judiyyi", wato ya daidaita a kan Judiyyu. Kuma a aya ta 41 Annabi Nuhu ya ambaci sunan Allah a kan gudanarsa da tsayawarsa. Ka ga "tsaya" tana da madogara. "Sauka" ta tsuntsu ce da jirgin Makka, shi ya sa yarinya ta rikice. Wannan ba daga sama ya zo ba, ruwa ne ya janye ya bar shi.

Wata 'yar Ƙofar Ƙaura: Tunda an ƙi komina, a ce "jirgin ɗufana". Duk wanda ya ji ɗufana ya san ruwa ake nufi.

Mai fassara: Hajiya, wannan karon kin harbo. Ga yadda zan yi: farkon ambato "jirgin ruwan Annabi Nuhu", bayan nan "jirgin ɗufana". In ana maganar Alƙur'ani, "ya daidaita a kan Dutsen Judi". In ana maganar Baibul, "ya tsaya a duwatsun ƙasar Ararat". "Akwati" na bar wa na Annabi Musa da na alkawari. Na sake ba autar ta karanta, yanzu tambayarta ita ce wa ya ciyar da zakuna a ciki.