Muhawara: shin strncpy ce maganin strcpy?

Aminu: Jama'a, matsayata ɗaya ce. Duk mai rubuta shiri da harshen C ya bar strcpy ya koma strncpy wajen kwafar rubutu zuwa ma'aji, wato gurbin da aka ware a memori. Ita strcpy ba ruwanta da girman ma'aji, kwafa take yi har sai ta ci karo da '\0', sifilin da ke nuna ƙarshen rubutu. Ma'aji mai bayit 16, a shigar da suna mai haruffa 40, sai ta ƙetare iyaka ta tattake abin da ke gaba a memori. strncpy kuwa kai ke yanke mata iyaka. To me ya rage?

Malama Hadiza: Malam Aminu, abin da ya rage shi ne sifilin ƙarshe. Gwada wannan:
char suna[8];
strncpy(suna, "Abdullahi", sizeof suna);
Haruffa 9 ne, ma'ajin na ɗaukar 8. Za ta zuba "Abdullah" ta tsaya, ba ta sa '\0' ba. Da ka miƙa shi ga strlen ko printf mai %s, za su yi ta karatu har wajen ma'ajin. Ka hana rubutu ƙetare iyaka, amma karatu zai ƙetare. Shi ya sa tun siga ta 8 ta kwamfailar GCC aka kawo gargaɗin -Wstringop-truncation.

Aminu: Ai layi ɗaya ne gyaran, Malama: suna[sizeof suna - 1] = '\0'; shi ke nan.

Injiniya Bello: Layin ya rufe zaren, wato jerin haruffan, amma ya datse shi shiru, kuma a harkar fayil wannan shirun ne ke ɓarna. A ce ma'ajin hanya bayit 11 ne, kana son buɗe "rahoto.txt.bak". Bayan datsewa abin da ke hannunka "rahoto.txt" ne. Ka kira fopen da "w" don buɗe fayil ɗin ka yi rubutu, nan take ta share duk abin da ke cikin asalin rahoton, wanda kake ƙoƙarin ajiye kwafinsa. Ba kuskuren da zai fito, domin a wurin fopen sunan sahihi ne.
Dama ba don kariya aka ƙera strncpy ba. A tsohon Unix gurbin sunan fayil a cikin darektori bayit 14 ne cif, suna mai haruffa 14 ba ya da sifili, gajere kuma a cike ragowar da sifili. Halin nan ta taso da shi har yau: ma'aji mai bayit 4096, ka kwafi haruffa 5, sai ta rubuta sifili 4091 a kowane kira.

Zainab: Yaya Aminu, ka riƙe snprintf, tana cikin ƙa'idar C99. Tana rufe zare da kanta, kuma tana dawo da tsawon da rubutun zai kai da a ce wuri ya isa:
int n = snprintf(hanya, sizeof hanya, "%s.bak", suna);
if (n < 0 || (size_t)n >= sizeof hanya) sai ka dakata, kada ka taɓa fopen.
Ga mu masu rubuta Hausa akwai ƙari: a UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne. Datsewa na iya faɗawa tsakiyar harafi, a bar rabin ƙ a cikin fayil.

Musa: Ni strlcpy nake goyon baya. Tun 1998 take a OpenBSD, wani tsarin aiki dangin Unix, tana rufe zare, tana dawo da tsawon asali don ka gane an datse, kuma ba ta da wahalar fassara % kamar snprintf.

Malama Hadiza: Tana da kyau, Malam Musa, sai dai ba ta cikin ƙa'idar C. glibc ma, laburaren C da akasarin Linux ke amfani da shi, sai a 2023, a sigar 2.38, ta karɓe ta. Kai lambar zuwa tsohuwar Linux, kwamfaila za ta ce ba ta san ta ba. Kuma tunda sai ta ƙirga tsawon asali gaba ɗaya, idan asalin ba shi da '\0' ita ma za ta zarce.

Aminu: Na ji maganar datsewa, amma ban yarda a jefar da strncpy ba. Gurbin suna a kan fayil ɗin tar, mai dunƙule fayiloli wuri ɗaya, bayit 100 ne tsayayye, ana so ragowar ya zama sifili don kada tarkacen memori ya shiga fayil.

Injiniya Bello: A nan kana da gaskiya, wurinta ke nan. Amma da farko ka ce duk mai strcpy ya koma gare ta, wannan ne muka ƙi. Wanda ya riga ya auna da strlen ya tabbatar tsawon bai kai girman ma'aji ba, memcpy(wuri, asali, tsawo + 1) ta ishe shi.

Zainab: Kuma kowacce kuka zaɓa, a kula da sizeof. Idan ma'ajin ya shigo fankishin a matsayin char *, sizeof girman manunin za ta ba ka, bayit 8 a na'ura mai bit 64, ko da ma'ajin 256 ne. A riƙa miƙa girman a gefe da size_t, a haɗa shirin da -Wall da -fsanitize=address, sannan a gwada shi da suna mai tsawon ma'ajin daidai, da wanda ya ɗara da harafi ɗaya.